Nauyin Jan Ƙarfe

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Yau shekara ashirin da biyu cif da aka miƙo mini takardar sallama daga ma'aikatar ruwa, ina da shekara arba'in da tara, da ƙarfina da hankalina. Wanda ya sa hannu a takardar, benci ɗaya muka zauna da shi a makarantar koyon injiniya. Shekara huɗu yana leƙen takardata. Ni na fito na ɗaya, shi ya fito da ƙyar kamar wanda aka jawo daga rijiya. Yanzu shi ne shugaban kulob ɗin da ɗana yake wa manaja, kuma har gobe in ya gan ni sai ya ce, "Farfesa, ana nan ana ta lissafi?" Ban taɓa zama farfesa ba, ya kuma fi kowa sanin dalili.

Ba wannan na zauna rubutawa ba. Amma duk shekara sai na rubuta shi, to na rubuta.

An rufe tafkin ninƙaya na kulob tun ranar Juma'a. Yara biyar ba su da lafiya, ciwon kunne da gudawa. Ɗaya daga cikinsu jikata ce, wadda muke kira Tarwaɗa, shekararta tara, tana asibiti. Injin da ke tsabtace ruwan tafkin ni na haɗa shi da hannuna. Kwamitin kulob zai zauna ranar ashirin ga wata ya faɗi laifin wane ne.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Idon da aka cire wa yana ya fara washewa, don haka na ɗauko tsohon lissafin na bi shi layi-layi kamar ba ni na yi ba. Bari in ajiye shi a nan, ko wata rana wani mai hankali zai buɗe littafin nan.

Tsawon tafkin mita ashirin da biyar, faɗinsa goma sha biyu, zurfinsa in an daidaita mita ɗaya da rabi. Lita dubu ɗari huɗu da hamsin ke nan. Injin ba wani abin al'ajabi ba ne. Sanduna biyu ne na jan ƙarfe da aka gauraya da 'yar azurfa, a cikin bututun da ruwa ke bi. In aka sa musu wuta sai su riƙa narkewa a ruwan kaɗan-kaɗan, yadda ido ba ya gani, kuma ƙarfen nan shi ke hana gansakuka da ƙwayoyin cuta sakewa. Abin da ruwan ke buƙata giram ɗari da talatin da biyar ne, ba ƙari. Amfiya ɗaya ta wuta, in ta yi awa ɗaya, tana narkar da giram ɗaya da ɗigo biyu. To amfiya biyu, awa takwas kullum, kwana takwas, ruwa ya ƙoshi, har da rarar abin da wuta ke ɓatarwa a hanya. Daga nan a mayar da allurar mitar wuta kan ɗigo uku na amfiya, don cike abin da ke zubewa, wajen giram ashirin a mako. Da hannuna na mayar da ita a watan Disamba, na kulle akwatin mitar.

Shafi biyu na rubuta wa ɗana. Na farko lissafi. Na biyu sharuɗɗa, na kuma ja layi ƙarƙashin guda biyu: kada a taɓa allurar, kada a daina zuba kulorin. A rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, amma kada a daina, domin jan ƙarfe a hankali yake kisa, ƙwayar cuta kuwa ba ta jira.

Don Tarwaɗa na yi shi. Yarinyar ruwa ce, in ta shiga sai an yi faɗa take fita, amma kulorin yana sa ta tari har ta kasa barci. Uwarta, matar ɗana, da muke ce wa Malama, ita ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina ta ce, "Baba, ba wata dabara?" Rabon da wani ya tambaye ni abin da ya wuce canja ƙwan fitila, har na manta. Mako shida na yi a rumfar da ke bayan gidanmu ina haɗa shi, ina waƙe-waƙe kamar saurayi.

Lissafin daidai yake.

Laraba, 5 ga Maris, bayan azahar

Malama ta dawo daga asibiti ɗaukar kaya. Ta ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ta gaishe ni a tsaye. Shekara goma sha ɗaya a gidan nan ba ta taɓa gaishe ni a tsaye ba.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na je kulob. Rabona da shi mako shida, tun da aka yi mini aikin ido likita ya hana ni rana da ƙura.

Abin da na fara cin karo da shi a ƙofar tafki wani ƙaton allo ne shuɗi, an rubuta da farin fenti: RUWANMU BABU KULORIN KO ƊIGO. Na karanta sau biyu, na rufe sabon idon na karanta da tsohon.

Dogo, mai kula da injinan ruwa, yana zaune a ƙofar ɗakin inji, aiki ya tsaya masa. Mutum ne mai furfura, ya fi shekara ashirin a wurin.

"Injiniya, barka da fitowa. Ya idon?"

"Yana gani, Dogo. Har abin da ban nema ba. Yaushe aka kafa allon can?"

"Satin da aka kwantar da kai."

"Kulorin fa?"

"Ni dai abin da aka ce in zuba shi nake zubawa. Wanda aka ce in bari, in bari."

"Wa ya ce ka bari?"

Ya juya ya kalli injin kamar shi zai amsa masa. Can ya ce, "Injiniya, 'ya'yana bakwai."

Ban matsa masa ba. Na sauka gefen tafkin. An zubar da rabin ruwan, farin tayil duk ya yi kore. Na kankare da farce, bai fita ba. Gansakuka santsi gare ta, wannan kuwa ya kama kamar rini. Tsatsar jan ƙarfe ce. Ruwa ba ya tsami banza.

Dogo ya biyo ni yana magana ƙasa-ƙasa, yana kallon wani wajen. Wai bayan an daina kulorin da kwana kaɗan ruwan ya fara dusashewa, ya ɗan yi kore. Aka ce gansakuka ce, injin tsoho ya yi sanyi, a ƙara masa wuta. Aka murɗa har ƙarshe. Ruwan ya ƙara kore. Aka ce lallai gansakukar nan mai taurin kai ce, a bar wutar a haka har ta mutu. Wato maganin ne ya zama ciwon, su kuma suna ta ƙara maganin. Ƙarfe in ya yi wa ruwa yawa ba ya zama a cikinsa, bango yake bi ya kwanta, ya bar ƙwayoyin cuta suna shagalinsu.

Na buɗe akwatin da makullina. Allura tana kan ɗigo uku, cif, kamar ba a taɓa taɓa ta ba. Wani ya mayar da ita. Sai na sa Dogo ya kwance bututun. Sandunan da na saka masu kauri kamar damtsen yaro sun rame, duk sun zaizaye. Na naɗe su a tsumma na sa a jaka. Dogo ya ga na sa, ya ce shi bai ga komai ba.

A wurin ajiye motoci na haɗu da Shugaba. Kullum da safe yana ninƙaya, wai likita ya sa shi. Farin gemun nan da yake taƙama da shi ya koma kore shar, kamar an tsoma a ruwan ganye.

"Farfesa, ka ga aikin hannunka? Shekara saba'in ban taɓa rina gemu ba sai da ka zo."

Na ce, "Ya karɓe ka."

Wannan ce kaɗai dariyar da na yi a makon nan, ita ma a ciki na yi ta.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na kai sandunan wurin maƙerin da ya zuba mini su. Shi ya auna su ranar da na karɓa, kilo huɗu daidai su biyun, ya rubuta a takarda, tana wurina. Ya ɗora su a sikeli, ya kalle ni.

"Injiniya, gara ce ta ci su? Ai ka ce za su shekara uku."

Giram dubu biyu da ɗari takwas da tamanin. Sun rasa dubu ɗaya da ɗari da ashirin. Bisa lissafina, a mako goma sha ɗaya bai kamata su rasa fiye da ɗari uku da hamsin ba. Rarar, in ka raba ta da abin da wuta ke ci a awa, tana ba ka amsa ɗaya tak: amfiya uku, awa takwas kullum, kwana talatin. Ana iya mayar da allura baya. Ƙarfen da ya narke ba ya komawa jikin sanda.

Makullin akwatin biyu ne. Nawa yana rataye a ƙusa bayan ƙofata tun Disamba.

Sauran ba zan rubuta ba.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Asibiti. Sauran yaran huɗu an sallame su. Ita kuwa Tarwaɗa kunnenta na hagu ya fashe ta ciki, yana zubar da ruwa, sun toshe shi da auduga. Ta rame, amma bakin yana nan.

"Tsoho, sai yau? Wani mijin da tuni ya zo da kaya niƙi-niƙi."

"Ai ni ma jinya nake, amarya. Ke ba ki zo duba idona ba."

"Na zo mana. Kai ne ba ka gani."

Ta sa na zagayo ta dama don ta fi ji. Malama tana zaune a kujera tana ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke. Da na tashi tafiya ta rako ni har baranda, na ɗauka alheri ne.

"Baba, ai da ka ce mana ba ka tabbatar da abin ba. Da mun haƙura da tarin."

Na juya na kama hanyar gida.

Lahadi, 9 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Ɗana ya zo gaisuwar safe, ya tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum. Na ce ya shigo ya turo ƙofar. Na warware tsumman a kan tabarma.

"Ɗauki. Ji nauyinsu."

Bai ɗauka ba. Ɗan injiniya ne, ko bai karanci aikin ba ya tashi yana jin ana maganarsa. Ya san abin da sikeli ke faɗa.

"Baba, ruwan ya yi kore, Shugaba yana ta kirana safe da yamma, kai kuma kana kwance ido a ɗaure. Na ce kada in dame ka."

"Idona aka ɗaure ko bakina? Taku goma sha biyu ne daga ɗakinka zuwa nawa. Na ƙirga."

"Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Kamar a ƙara wa fanka gudu."

"Allon fa?"

"Iyaye sun so abin, Baba. Suna ta kawo yara. Na ga injin yana aiki, na ce to mene ne amfanin ɗan kulorin nan."

"Ban rubuta maka amfaninsa ba?"

Sai ya fara kuka, mutum mai shekara arba'in, irin kukan da ba sauti sai kafaɗu. Zuciyata ta yi laushi, ba zan ɓoye ba. 'Yarsa ce a gadon nan. Har na miƙa hannu zan dafa shi, sai ya share fuska ya ce:

"Baba, in uwarta ta ji ni ne, wallahi ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba. Aikin ma ya tafi. Kai kuwa me za su yi maka? Ka riga ka yi ritaya."

Na janye hannuna.

"Ban yi ritaya ba. Korata aka yi, kana aji biyar a sakandare, kai ka ɗauko mini kwalin takarduna daga mota."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Kai za ka faɗa, da bakinka. Matarka da farko, sannan kwamiti. Kana da kwana goma sha ɗaya."

Ya ce to. Ya ce in ba shi lokaci ya nemo yadda zai fara.

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Zai faɗa. Uwarsa, Allah Ya jiƙanta, ba ta haifi maƙaryaci ba.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe uku na yamma

Sakataren kwamiti ya aiko mini da takardar gayyata, haɗe da kwafin duk abin da ke cikin fayil, don in shirya.

Akwai rahoton manajan kulob, shafi uku, an buga shi tsaf. Ya ce an bi umarnin wanda ya haɗa injin sau da ƙafa. Ya ce da alama an samu kuskure wajen lissafin ƙarfin wuta. Ya ce wanda ya haɗa injin dattijo ne mai fama da ciwon ido a lokacin, a yi masa uzuri.

Kwanan watan da ke kan rahoton ɗaya ga Maris ne. Kwana takwas kafin ya tsuguna a kan tabarmata yana kuka.

A bayan rahoton an liƙa shafina na farko, rubutun hannuna, da sa hannuna. Shafi na biyu babu. A kusurwar takardar ana ganin 'yan ramuka biyu inda aka zare ƙarfen da ya haɗa su.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Manaja ya gaishe ni ta bayan labule. Na amsa ta bayan labule.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na sake bin lissafin. Ban san me nake nema ba. Na kama kaina ina fatan in ga na manta wani sifili, ko na raba inda ya kamata in ninka. Da na samu, da na yi murna, da na je da kaina na durƙusa wa Malama. Kuskuren tsoho ya fi mini sauƙin haɗiya a kan wannan.

Babu. Lissafin daidai yake.

Lahadi, 16 ga Maris, bayan la'asar

Malama ta shigo ɗakina yau, ta zauna a ƙasa kamar da. Idanunta sun faɗa. Likita ya ce sai ciwon ya bushe za a gwada jin kunnen, ba ya son ya yi alkawari.

"Baba, don Allah ka faɗa mini gaskiya. Ni na roƙe ka ka yi abin nan, kullum da shi nake kwana. Injin ne?"

Sandunan suna ƙarƙashin gado, tsakaninta da su bai fi kamu biyu ba.

Na ce, "Ki tambayi mijinki."

"Na tambaye shi. Ya ce kada in ɗaga maka hankali, tsufa ne, kowa yana kuskure. Har hawaye ya yi saboda kai. Ya ce ko me kwamiti zai ce, shi ba zai bari a wulaƙanta ubansa ba."

Na ce Allah Ya yi masa albarka. Me zan ce?

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Saura kwana biyu. Manaja yana fita kafin in fito alwala, yana dawowa ya wuce ɗakinsa kai tsaye. Ɗazu na ji takunsa ya tsaya a ƙofata. Na ajiye biro, na gyara zama. Ya daɗe a tsaye. Sai na ji ya tambayi Malama ko an kawo wuta.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Na goge takalmi. Na sa takardar maƙeri a aljihun gaba.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ɗakin taro na sama, dogon tebur, mutum bakwai, kowa da robar ruwa a gabansa. Shugaba ya aske gemun, haɓarsa ta fito kamar ta jariri. Aka ba ni kujera a ƙarshen tebur. Jakar sandunan tana tsakanin ƙafafuna, ina jin nauyinta a idon sawu. Dogo yana tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu.

Manaja ya tashi ya karanta rahotonsa. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Na koya masa karatu a bainar jama'a tun yana firamare, na ce ya riƙa tsayawa a kowace aya ya ɗaga kai. Ya tsaya, ya ɗaga kai, amma ba ta wajena ba.

A cikin 'yan kwamitin akwai wata likita, mace mai gilashi, ita kaɗai ta karanta fayil ɗin da idon basira. Ta ce, "Manaja, injin irin wannan ba ya zuwa da sharuɗɗan aiki? Lissafi kawai na gani. Wa ya ce a daina kulorin?"

Na ce a raina, ga ƙofa an buɗe maka, shiga.

Ya ce, "Abin da aka ba ni ke nan, Likita. Fahimtarmu ita ce injin ya wadatar."

Ta juya wurin Dogo. Dogo ya ce shi bai iya karatu ba, kunnawa da kashewa kawai ya sani.

Sai Shugaba ya jingina da kujera. "Farfesa, mu da muka zauna aji ɗaya mun san kanka yana ja. Amma ko ƙarfe yana gajiya. Ba wanda zai kai ka ƙara, mun san don jikarka ka yi. Kana da abin cewa?"

Hannuna yana kan zip ɗin jakar. Minti biyu ya ishe ni. In ɗora su a tebur, in ajiye takardar maƙeri, in ce wa likitar nan ta raba da ɗaya da ɗigo biyu. Da ta gane kafin in rufe baki.

Manaja ya riga ya zauna, ya ɗan ba ni baya. Ina ganin ƙeyarsa. Akwai tabo a wurin, inda gashi bai taɓa fitowa ba, tun ranar da ya faɗo daga bayan kekena yana ɗan shekara shida. Na jira. Na ƙirga har ashirin a zuciyata, a hankali, yadda ake ƙirga wa yaro. Ya ɗauki robar ruwansa yana karanta rubutun jikinta.

Na ce, "Babu."

Sakatare ya rubuta. Kuskuren lissafi daga wanda ya haɗa injin. A cire injin, a sauke allon, a wanke tafki a koma kulorin. An yaba wa manaja bisa saurin rufe tafkin.

A ƙasa ya buɗe mini ƙofar mota. Ya ce, "Baba, na gode. Allah Ya saka da alheri. Wallahi zan gyara."

Na wuce na hau bas.

Juma'a, 21 ga Maris

Ban fita ba.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe goma sha biyu na rana

Labari ya zaga unguwa. Mai shagon kan kwana, wanda na gyara wa firji sau uku ban karɓi ko sisi ba, ya ce mini, "Baba, sai haƙuri, ai shekaru ba wasa ba ne." Maƙwabcina da ya saba kawo mini takardar wutarsa in duba masa, yau na ga ya wuce da ita gidan wani.

Ba na jin haushinsu. Abin da aka faɗa musu suka ji.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

An sallamo Tarwaɗa shekaranjiya. Ba a kawo ta ɗakina ba, ni ma ban je ba. Yau ta faki idon uwarta ta shigo, da audugarta a kunne, ta zauna a gefen gado ta juyo mini da dama. Ubanta yana tsakar gida yana wanke mota, tagata a buɗe, ina jin ƙarar ruwa a jikin ƙarfe.

"Kaka, Mama ta ce kai ka kuskure lissafi shi ya sa kunnena ya yi ciwo. Na ce mata kai ba ka kuskure. Ko malaminmu in ya ba da amsa sai na kawo maka ka duba."

Da ƙarfi take magana yanzu, ba ta sani ba. Ƙarar ruwan ta tsaya.

"Da gaske ne, Kaka?"

Na jira. Ta taga ina ganin inuwarsa a bango, tiyo a hannu, bai motsa ba. Ba kwamiti a nan, ba Shugaba, ba aiki. 'Yarsa ce kawai da ubansa. Na jira har yarinyar ta taɓa mini gwiwa.

Ruwan ya ci gaba da zuba a jikin mota.

Na ce, "Da gaske ne, amarya. Tsufa ne."

Ta so ta mayar da shi wasa, ta ce, "To na fasa auren." Amma ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Uwarta ta kira ta, ta fita.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na kai wa maƙeri sandunan na ce ya narkar. Ya ce me zai zuba mini da su. Na ce duk abin da ya ga dama. Na tsaya har suka zama ruwa.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Malama ce ta faɗa mini, ba shi ba. Sun samu gida kusa da asibiti, wai don sauƙin kai yarinya wurin likita. Ta ce za a riƙa aiko mini da abinci. Ta yi maganar da ladabi, idonta a ƙasa. Ta ce ta yafe mini, ita ma in yafe mata, amma zuciyarta ba ta iya ganin rumfar nan inda aka haɗa abin.

Na ce na gode da yafiyar.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Motar kaya ta tafi tun bakwai. Manaja ya zo ya tsuguna, ya ce zai riƙa zuwa duk Juma'a. Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Na fito ƙofar gida. Tarwaɗa tana kujerar baya a motar ubanta, gilashi a sauke, tana kallon gaba. Na kira ta. Na sake kira. Ba ta juyo ba har motar ta sha kwana.

Ta hagunta nake tsaye. Jiya aka yi gwajin, likita ya ce wannan kunnen ba zai ƙara ji ba.